Naman Gwaggo Tabawa Yana Tunani

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Gwaggo Tabawa a Durun ranar da ta ɗora nama ya san abin da zai tarar. Zai same ta a bayan ɗaki, a durƙushe bakin wani rami mai fitar da siririn hayaƙi, ta karkata kai ta kara kunne kusa da ƙasa, hannu ɗaya a sama alamar kowa ya yi shiru. Ko sallama ka yi, sai ta gama saurarenta za ta amsa. In kuwa tsautsayi ya sa ka tambaye ta ko naman ya nuna, sai ta dube ka tun daga ƙafa har ka, ta ce, "Yana tunani." Amsar ke nan, ba ƙari. Yaro da babba, liman da mai unguwa, kowa ita yake samu ya koma ya zauna.

Ni Hauwa, 'yar ƙanenta, wadda take kira Malama da wata irin murya don ina koyarwa a firamare a Gwarzo, na sha wannan amsa fiye da kowa a dangi. Saboda haka in ana hirar Gwaggo ku bar ni in yi magana. Ku kun ci naman ne kawai, ni kuwa na ga yadda ake yin sa. Tun da asuba take jera shi a tukunyar ƙasa, ƙashi a ƙasa, tsoka a sama. Ta zuba daddawa da kauɗar tumatir da albasa da attaruhu, ta daka citta da masoro da kanumfari da tafarnuwa ta barbaɗa, ta jefa kabewa manyan yanka, ta kawo man shanu cokali guda, sannan ruwa ɗan kaɗan wanda bai ma rufe naman ba. Sai ta kifa kasko a bakin tukunyar, ta kwaɓa laka ta liƙe gefen tsaf, ta danna babban yatsanta a jikin lakar. Wannan shi ne kwaɗonta, kuma wanda ya taɓa shi sai ta gane. Daga nan ta zura tukunyar a rami, ta kewaye ta da ƙaiƙayin gero, ta ɗora garwashi kaɗan a sama. Ƙaiƙayi ba ya kamawa da harshe, ci yake a hankali, don haka naman yakan wuni a ciki har la'asar sakaliya.

Wannan tukunya ta zaunar da mutane da yawa a gidan nan, amma mutum ɗaya ya gagare ta, shi ne Lawal, ɗan da ta haifa. Shi kaɗai Allah ya bar mata, kuma shi ne na fari. Kun san mu, asalinmu masu shanu ne, kunyar ɗan fari a gidanmu ba wasa ba ce, a wurin Gwaggo kuwa har ta wuce ta kowa. Kakarsa ce ta raine shi a Kabo. Gwaggo ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Shi ma Gwaggo yake ce mata kamar mu. A shekarun tsuke bakin aljihu aka rage ma'aikata a masaƙar da yake aiki a Kano, ya ɗaure kaya ya tafi Ikko neman abinci. Ranar da ya zo sallama ta binne masa tukunya, amma motar da zai bi ta iso da wuri, ya ce a ajiye masa ya tafi. Tun daga ranar sunansa a bakinta ya koma "mutumin Ikko".

Ba wai ya yar da ita ba ne. Atamfa, shinkafa, kuɗin magani, duk yana aikowa. Yakan zo kuma, shekara ko shekara biyu sau ɗaya, amma zuwan tsaye: ya iso da hantsi, ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe ta tana fuskantar bango, kafin azahar ya fara duban agogo. Bai taɓa kwana ba, bai taɓa jiran a buɗe tukunya ba. Abin yana cin ta, na sani sarai. Amma Gwaggo ta gwammace ta haɗiye harshenta da ta buɗe baki ta ce wa ɗan fari, "Ka kwana."

A waɗancan shekarun ne aka san darajar rowarta. Gwaggo ba ta taɓa sayen itace ba a rayuwarta. In kaka ta yi, za ka gan ta a masussuka da kwando tana kwasar ƙaiƙayi, matan gari suna dariya suna cewa Tabawa ta zama kaza. Da kananzir ya koma sai an bi layi, itace kuma ya yi tsadar da mai gida ke ƙirga ƙirare kafin ya fita, sai ga masu dariyar nan suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, wai sun zo gaisuwa, idonsu yana bayan ɗaki. Ba ta hana kowa koyo ba. Sharaɗinta ɗaya ne, kowace ta zo da kwandon ƙaiƙayi. Shekarar nan ba ta taka masussuka ba ko sau ɗaya.

Da azumi ya zo ƙarshe mazan unguwa suka yi watanda kamar kullum, suka haɗa kuɗi don a sayi sa a yanka a raba. Kuɗin bai taru ba sosai, sai aka ƙare a kan wani tsohon san noma wanda ya gama huɗar gonakin rabin garin. Gwaggo ba ta aiki kowa ya karɓo mata kasonta ba, ta ɗauki sandarta ta tafi da kanta. Iro mahauci ya miƙo mata tsoka ja wur, ta ture da sanda.

"Ɗauke wannan. Ba ni wuya da bindi da jijiyar ƙafa."

"Gwaggo, wannan ai shi kowa ke gudu. Ko kare sai ya yi shawara."

"To tunda kowa na gudu, sai ka ninka mini."

Iro ya ninka mata da murna, ya kwashe tsokar ya kai gidansa, ya wuni yana ba da labari a tasha wai yau ya yi wa tsohuwa wayo. Ranar Sallah kuwa duk unguwa ba gidan da ba a yi faɗa ba. Naman san nan an tafasa shi an sake tafasawa, yana nan kamar takalmin roba. Da yamma sai ga Iro ya shigo barka da Sallah, yana dafe da muƙamuƙi. Ya gaisa, ya sake gaisawa, ya tambayi kaji, ya tambayi awaki, hancinsa yana bin hayaƙi.

"Gwaggo, naku ya nuna kuwa?"

"Yana tunani."

Ya zauna. Da ta fasa lakar, jijiyar nan ta narke ta koma romo mai kauri mai kama leɓe, wuya yana rabuwa da ƙashi tun kafin a taɓa shi. Iro ya cinye kwano guda bai ɗaga kai ba, ya suɗe hannu, ya tafi. Mako na zagayowa ya ƙara wa jijiya da bindi kuɗi a teburinsa. Har ta bar duniya Gwaggo tana cewa, "Kuskure ɗaya na yi a rayuwata, na bar mahauci ya ɗanɗana." Amma ranar, bayan ya fita, na ji ta tana tattara kwanuka tana magana da kanta, tana cewa, "Mahauci ma dai ya zauna."

Labarin 'yan Shari'a kuwa, wannan kowa ya ji shi, sai dai kowa da yadda yake ƙara masa gishiri. Ni ina wurin, ranar Asabar ce. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a samarin unguwa suka kafa kwamitinsu na hana shaye-shaye, da kyakkyawar niyya, Allah ya ba su lada. Shugabansu Nafi'u ne, ɗan maƙwabta, wanda ya je karatu Kano ya dawo da ɗan gemu da fuskar da ba ta dariya. Akwai wani baƙo a cikinsu, ba ɗan gari ba, shi ya hango tsohuwa ta kan katanga tana binne tukunya a liƙe, ya garzaya ya ce wallahi a garinsu haka ake dafa burukutu. Nafi'u ya san Gwaggo sarai, amma yana tsoron a ce ya yi son kai. Sai ga su su uku a zaure da hantsi, suna sallama da murya mai kauri.

Nafi'u ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, magana aka kawo mana. An ce akwai tukunya a binne a gidan nan."

"Akwai."

"To, muna so mu ga abin da ke ciki."

"Za ku gani."

"Yanzu muke nufi, Gwaggo."

"Yanzu yana tunani."

Baƙon ya taɓa na kusa da shi ya ce a hankali, "Ka ji ko? Abin har tunani yake yi."

Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, "Nafi'u, ni na yi wa uwarka wankan jegonka, don haka ka ba ni amsa tsakani da Allah. Shari'a ta ce a fasa wa tsohuwa tukunya abin da ke ciki bai nuna ba?"

"Ba ta ce ba."

"Ta ce a ga abin zargi a tafi a bar shi ba a bincika ba?"

"Ba ta ce ba."

"To ku zauna."

Ta shimfiɗa musu tabarma a inuwar darbejiya inda suke hango ramin, ta jawo buhun gyaɗa ta zazzage a gabansu, wai kada hannu ya zauna banza. Suka yi ta ɓara. Da azahar ta yi, bi da bi suka je masallaci don kada a bar tukunya ba mai gadi. Wajen la'asar ƙamshi ya fara fita ta ƙasa, sai na ga fuskar Nafi'u tana saki kaɗan-kaɗan, baƙon kuma ya daina ɗaga ido. Da ta fasa laka ta ɗaga kasko, ba wanda ya yi maganar burukutu. Na tuƙa tuwon dawa, ta zuba musu, suka yi bismilla. Bayan sun wanke hannu Nafi'u ya miƙe, ya maido da fuskar aiki, ya ce, "To Gwaggo, mun bincika, ba mu sami komai ba."

Ta leƙa cikin tukunyar ta ce, "Ai kuwa ba ku bar komai ba."

A bakin zaure baƙon ya juyo yana sosa ƙeya, ya ce ko mako mai zuwa ma za a binne, don bincike yana son maimaici. Ta ce masa ya zo, akwai sauran buhun gyaɗa biyu. Mun yi dariya har hawaye. Da gida ya yi shiru ta tsaya tana duban tarin ɓawon gyaɗa, ta ce, "'Ya'yan mutane sun wuni a gidana." Na san inda maganar ta dosa.

Ba a daɗe ba wani direba ya sauke mata kwali daga Ikko, da saƙon baki cewa Lawal ya ce Gwaggo ta huta da hayaƙi. Aka aika aka kira ni, tunda ni ce mai karatun jikin kwali. Tukunyar lantarki ce. Daga waje ƙarfe ne fari mai wutsiyar waya, a ciki kuma akwai tukunyar tangaran mai nauyi wadda ake cirewa, da murfin gilashi. Gwaggo ta zauna nesa da ita tana harara. Na ce mata wannan ba irin masu gaggawar nan ba ce, wuta kaɗan take ba nama, a zuba da safe sai yamma a sauke.

Ta matso. "Da safe har yamma?"

"Har yamma, Gwaggo."

"Wa ya ƙera ta?"

"Turawa."

"Ashe a cikinsu ma akwai mai tarbiyya."

Murfin ne ya ɓata musu shiri. Ta ɗaga shi ta hango ni ta ciki, ta ce, "Wannan kuma fa? Nama yana tunani ana leƙensa? Ke in kina tunani kina so a tsaya a kanki?" Sannan ta kama wutsiyar wayar ta dubi bangon ɗakinta na ƙasa, ta dubi fitilar ƙwai a kan taga. A lokacin an kakkafa turakun lantarki a bakin hanya, amma ba a kai ga ja musu waya zuwa unguwar su Gwaggo ba. Na ce ƙila Lawal ya ga turakun ne ya ɗauka wuta ta iso. Ta ajiye wayar ta ce, "Mutumin Ikko bai taɓa kai magariba a nan ba, ina zai san ba mu da wuta?" Da dariya ta faɗa, amma ni sai da na fita tsakar gida na share ido.

Tukunyar ta zauna a lungu, wata farar kaza ta mai da ita gidan ƙwai. Da ƙyar na lallashi Gwaggo ta yarda mu kai ta gidana a Gwarzo mu gwada, bayan mun ba kazar haƙuri. Muka jera nama yadda take so, ta rufe gilashin da faifai saboda mutunci, na jona waya. Ba a jima ba aka ɗauke wuta. Gwaggo ta ja kujera ta zauna ƙarƙashin ƙwan lantarki tana kallonsa. Aka kawo, ta ce madalla. Kafin ta rufe baki aka sake ɗaukewa. Haka muka wuni, nama ya ɗumama ya huce, ya ɗumama ya huce. Da la'asar ta ce, "Malama, ban taɓa ganin tukunyar da sai wani mutum a Kano ya ga dama za ta yi tunani ba." A murhuna muka ƙarasa naman don kada ya lalace. Amma da na wanke tangaran ɗin sai ta karɓa, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa ta saurara, ta auna kaurinsa. Ta ce, "Cikin dai na kirki ne, rigar ce ta banza." Ta naɗe cikin a zane ta tafi da shi Durun, ta bar mini rigar da wutsiyarta.

Damina biyu bayan haka ƙafafunta suka fara kumbura. In ta durƙusa bakin rami sai an kama ta take tashi, kuma abinci sai ta taɓa ta ture. Ba ta ce a kira kowa ba, ba za ta ce ba. Ni na je shagon waya a Gwarzo na kira Lawal. Ɗan gwaggona ne, abokin wasana, don haka ban tauna masa magana ba. Na ce, "Kai sarkin sauri, uwarka ta tsufa, in kana da niyyar ganinta da ido ka taho." Ya ce zai zo ranar Juma'a, amma dole ya juya a ranar ya kama babbar motar yamma a Kano, akwai kayan mutane da ke jiransa a tashar jirgin ruwa. Na gaya wa Gwaggo. Ta dai aika wa Iro cewa tana son bindi da wuya da jijiya, kuma in ya ƙara ko kwabo ita da shi ne.

Ranar Juma'a tun da asuba ta jera nama a cikin tangaran ɗin Ikko, ta kifa tsohon kaskonta a kai, ta liƙe da laka, ta danna yatsa, na taimaka mata muka zura shi a rami. Lawal ya iso da hantsi a tasin da ya ɗauko shata daga Kabo, ya ce wa direban ya dawo da la'asar. Ya tsuguna bakin ƙofa da takalmansa a ƙafa, ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Sannan ta juyo wurina, shi yana zaune ko taku uku babu tsakaninsu.

"Malama, ki gaya wa mutumin Ikko tukunyarsa ce a cikin ramin can."

Lawal ya zaro ido. "Tukunyar lantarkin ce a rami, Gwaggo?"

"Ki gaya masa an kawo mana wuta, ta ƙaiƙayi. Ki ce masa yau za a san ko kayan kirki ya aiko ko na banza. In ya tafi ba a buɗe ba, kaza ta ci gaba da harkarta."

Ya yi dariya ya ce zai jira. Ya je masallacin Juma'a ya dawo. A lokacin ƙamshin ya riga ya juya. Wanda ya saba ya san wannan juyin, sa'ad da warin daddawa ya kwanta, man shanu da citta suka taso. Naman ya nuna, ba ko shakka. Na dubi Gwaggo zan yi magana, ta watso mini wani kallo da ya sa na tuna ina da wanke-wanke.

La'asar na yi direban tasin ya danna oda a ƙofar gida. Lawal ya dubi agogo, ya miƙe, ya rataya jaka. Ya je bakin ramin ya tsaya.

"Gwaggo, ya nuna kuwa?"

Ta taso da sanda tana jan ƙafa, ta durƙusa da ƙyar, ta kara kunne. Ta daɗe a haka. Aka sake danna oda.

"Yana tunani," in ji ta.

Tsoro ya kama ni sosai, don na san in ya fita ƙofar nan ba lalle ya sake samunta ba, kuma na san ko za ta mutu a wurin ba za ta roƙe shi ba. Farar kazar nan ta zo wucewa, sai Gwaggo ta dube ta ta ce, "Wasu dai haka Allah ya yi su. Wata bakwai suka yi a ciki suka ce sun gaji." Lawal, da yake shi bakwaini ne, ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya ga ta dafa ƙasa tana son tashi, ta kasa. Na yunƙura zan kama ta, ya riga ni. Tunda nake ban taɓa ganin hannunsa a jikinta ba. Na ɗauka za ta fizge. Sai ta kau da kai ta ce, "Malama, ki ce masa ya riƙe da kyau, ba buhun siminti ba ne."

Ya zaunar da ita a tabarma. Aka danna oda ta uku, doguwa. Sai ya fita da jakarsa. Muka ji an buɗe ƙofar mota, an rufe, mota ta tashi, ƙararta ta yi nisa har ta ɓace. Gwaggo tana zaune tana kallon ramin, ba ta motsa ba. Ni kuwa na ƙulle a raina ba zan sake yi wa Lawal magana ba har abada.

Sai muka ji sallama. Ya shigo da jakar a kafaɗa, takalmansa a hannu, ya ajiye su a bakin ƙofar ɗaki ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa. Gwaggo ba ta ko dube shi ba. Ta miƙa mini muciya ta ce, "Fasa. Ya gama."

Na fasa lakar na ɗaga kasko. Kabewa ta narke ta bi romo, ƙasusuwa sun fito fes, naman kuwa ko cokali ba ya ɗauka sai da ludayi. Lawal ya ci kwano guda, ya miƙo aka ƙara. Can ya ɗago yana share gumi, ya ce, "Gwaggo, wannan naman ai tun azahar ya nuna."

Ta ce, "Malama, ki gaya masa na sani."

Da magariba na kunna fitilar ƙwai, ya dube ta, ya leƙa waje ya dubi turakun bakin hanya, ya dawo ya ce, "Ashe ba waya a jikinsu." Kwana ɗaya ya ce zai yi, sai da ya haura mako. Kullum da safe Gwaggo sai ta ce in tambayi mutumin Ikko ko an kore shi daga aiki ne da ya zo ya tare mata gida, tana faɗa tana kwaɓa laka. A makon nan ta ci abinci fiye da yadda ta ci a wata guda.

Ba ta ga kaka ta gaba ba. Da ciwon ya tsananta Lawal ya dawo, wannan karon ba wanda ya gan shi da agogo, kuma a gabansa ta cika. Har ta rufe ido ba ta kama sunansa ba. Da aka zo rabon ɗan abin da ta bari, bai nemi komai ba sai tangaran ɗin da kaskon, da wani guntun busasshiyar laka da ya maƙale a gefensa mai shatin yatsanta. Ya zo Gwarzo ya karɓi rigar tukunyarsa ya koma da su Ikko. Yakan kira ni ya ce ya bi duk yadda na gaya masa amma ɗanɗanon bai fito ba. Nakan ce masa ai na san shi, leƙawa yake yi.

Allah ya jiƙan Gwaggo Tabawa, ya yafe mata kurakuranta, har da na Iro. Yadda ta zaunar da mu a inuwa ta ciyar da mu, Allah ya zaunar da ita a inuwar rahamarsa, ya sanyaya makwancinta. Mu kuma da ta bari, Allah ya ba mu haƙurin zama da namu tun suna raye. Amin.